Awon Baba Ɗantala

A Garwa, bayan shagon ɗinki,
kakana Ɗantala ya gina ɗaki uku da bulo da waya,
ba na haya ba, ba na kaji ba.
Maƙwabta suka ce tsufa ne ya taɓa shi.
Ya rataya tef a wuya, ya ce:
"Ku kun ga ƙadangaru, ni na ga yadi."

Na farko damo ne daga gonakin Pitowa,
gajere, kai kamar guduma, wuya na mai wadata,
kamu biyu ba ƙari, ko ka ja masa wutsiya.
Launinsa na ƙasar da aka huɗa jiya,
da ɗige-ɗigen rawaya a jere
kamar maɓallan rigar da ta sha wanki.
Muna kiransa Alhaji Kurum.
Ka ba shi dodon koɗi, ya karɓa.
Ka hana shi, ya lumshe ido.
Ba a banza aka naɗa shi sarkin haƙuri ba.

Na biyu, direban tirela ya kawo,
Mahamat Zen, daga hamadar Cadi, cikin buhun dabino.
Siriri, fari-fari kamar rairayin da ya haife shi.
Ba ya son inuwa. Mu ma ba ya son mu.
In ka matso ya kumbura wuya, ya yi huci
kamar dutsen guga da aka yayyafa wa ruwa.
Damina ɗaya ya yi, ya daina ci,
Mahamat ya maida shi gida a buhun da ya zo.

Amma guza, ita ce labarin.
Masunta suka tsinto ta a bakin Binuwai,
tsawonta taƙi guda,
baƙa wuluk da ratsin ruwan ɗorawa,
sabuwar atamfa ba ta kama ƙafarta ba.
Duk Juma'a in an sauko,
kakana ya shimfiɗa tef, ni in riƙe biro,
mu rubuta a bayan littafin bashi:
taƙi biyu,
kamu,
kamu biyu da yatsa uku.
Tana tsawo, tana koɗewa.
Baƙin ya koma ruwan miyar kuka,
rawayan ya shige ciki kamar mai jin kunyar baƙi.
Na ce, "Baba, ta lalace."
Ya ce, "Lantana, wane zane ne ya daɗe a jiki bai koɗe ba?
Dubi gemuna."

Shekarar da ta kai kamu huɗu
wutsiyarta ta fasa masa tabarau.
Wani baduku ya zo, ko idonta bai duba ba,
faɗin bayanta ya kalla, ya ce,
"Jaka goma. Za ta fidda jaka da takalmi."
Kakana ya naɗe tef ɗinsa a hankali:
"Ni mai rai nake aunawa."

Kafin kiran asuba muka ɗora ta a amalanke,
ni ina turi, shi yana tari,
har ƙarƙashin gada.
Ta daɗe tana lasar iska da harshe.
Da ruwa ya shafi bayanta
sai rawayan nan ya farka,
na rantse na gan shi, sabo fil,
na tsawon ƙiftawa biyu.
Daga nan sai kogi.

Yanzu yana ta rufe idon kakana,
baƙi da shuɗi duk ɗaya ne gare shi.
Da yamma yakan zauna kusa da Alhaji Kurum,
ya bi bayansa da yatsu, yana ƙirga maɓallan.
Wani lokaci ya ce in ɗauko littafin bashi
in karanta masa layin ƙarshe.
"Kamu huɗu da taƙi," nake cewa.
Ya yi shiru.
"Ai yanzu ta wuce haka.
Bar wuri a ƙasa."